Ramin da Ke Cikin Waƙar Kawu Tanko

Duk wanda ya zauna Zongon Wagadugu a zamaninmu, ko bai san sunan Kawu Tanko ba, ya san mutumin nan mai jiƙaƙƙen buhu a wuya. Yankin algarara ne, irin wadda ake lulluɓe goro da ita. Kullum da safe sai ya tsoma ta a ruwa, ya matse, ya naɗa a maƙogwaro, ya ɗora kwat a kai komai zafin rana, ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet ya nufi rumfarsa a kasuwar Rood Woko, ruwa na ɗiga a bayansa. In ka tambaye shi dalili da safe ka yi aikin banza, domin ba ya magana kafin azahar. Murya tana hutawa. Cinikin goro da yatsu yake yi, gaisuwa da ka. Liman ya taɓa kai ƙara wurin kakarmu cewa ko amin ma ɗanta da gira yake yi. Sai in ka dawo bayan azahar zai dube ka da tausayi ya ce, "Maƙogwaro da goro halinsu ɗaya, yaro. In ka bari suka bushe, shi ke nan."

Ni ɗan ƙanwarsa ne. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, saboda haka na ga komai da idona, wani abin ma da bakina aka yi shi.

A gidanmu babu mawaƙi. Fataken goro ne kaka da kakanni. Direbobin da ke ɗauko mana kaya daga Kumasi su ne suka jawo mana, don su suka riƙa zuwa da fayafayan baƙaƙen Amurka, irin waƙar nan mai sanyi da ake kira sol. Kawu bai san ko "zo" da Ingilishi ba. Amma ran da ya fara ji, ya zauna shiru har faifan ya ƙare, ya ɗauki kwalin ya daɗe yana kallon hoton mawaƙin, sannan ya ce, "Wannan bawan Allah kuka yake yi, amma ya sa kwat." Washegari ya je wurin tela. Asalin kwat ɗin ke nan.

To, ga inda matsalar take. Sunan mahaifiyarsa, wato kakarmu, Maimuna. Sunan matarsa kuma Maimuna. Kun san mu dai: ɗa ba ya kama sunan uwarsa. Maza da yawa a Zongo suna cikin irin wannan hali, amma sukan samo wa matar laƙabi, ko kuma wata rana baki ya suɓuce a wuce wurin. Tanti Maimuna ta ƙi laƙabi. 'Yar unguwar Tiendpalogo ce, ta yi lakwal, wato makarantar boko, tana sayar da atamfa, kuma ta ce ubanta rago ya yanka ya raɗa mata suna, ba za ta amsa wani ba. Shi kuwa Kawu bakinsa ba ya suɓucewa. In tana kusa ya ce "Ke". In tana nesa ya ce "Mai sunan Inna". Haka suka zauna har suka haifi 'ya'ya.

Sai ga shi ya tsara mata waƙa. Ya yi ta gyaranta tsakanin azahar da magariba har damina ta wuce, sannan ya zo ya same ni ya ce in nemo masa makaɗa da ɗakin ɗaukar murya. Na nemo masa mai jita da mai ganga da mai busa, na kuma roƙi Misye Pol, mai kula da na'urorinmu, wani Bamoshe mai haƙuri wanda ya iya Hausar kasuwa.

Wallahi ban san Kawu yana da wannan murya ba. Ashe algarara tana aiki! Ya rufe ido, ya fara a hankali:

*Na je Kumasi na dawo, ƙafata ta san hanya,*
*Na ci goron kowace ƙasa, ɗacin duk ɗaya ne.*
*In rana ta yi sanyi, wa zan kira?*
*Sai ke…*

Daga nan ya ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya cak. Ya yi shiru, gwargwadon yadda mutum zai haɗiyi yawu ya numfasa. Sannan ya sauke hannu ya ƙarasa: *ke kin san kanki.*

Misye Pol ya cire abin kunne ya leƙo. "Pardon, Tanko, ka manta kalma. Mu sake."

"Ban manta ba."

"To mene ne wannan ramin?"

"Wurin suna ne."

"Bon. Sa sunan mana."

"Ba ya faɗuwa."

Na ja Misye Pol gefe na yi masa bayani. Ya sosa kai ya ce, "To ya sa wani. Fatu. Awa. Mari. Wa zai sani?"

Kawu ya ji. Ya ce, "In yi ƙarya a faifai? Ƙaryar baki iska ke ɗaukewa. Ta faifai kuwa kullum sai a juya ta a sake ji, har bayan raina."

Mai jita ya ce, "To Kawu, sa abin da kake kiranta a gida."

Aka gwada. *Sai ke, Mai sunan Inna, ke kin san kanki.* Mai busa ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa. Aka koma wa rami.

Ranar da yamma na kai kwafin gida a ƙaramar na'ura, aka kunna wa Tanti a tsakar gida tana tsince shinkafa. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara kwat kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta saurara har ƙarshe. Na ga hannunta ya daina motsi a cikin tire, amma da ta ɗago sai ta ce, "Waƙa ta yi daɗi. Ta wace ce?"

"Haba, ke!"

"Ni ban ji sunana ba. Na ji mutum ya haɗiyi yawu."

"Ai kin san kanki. Waƙar ma ta faɗa."

"Kowace mace a Wagadugu ta san kanta, Malam. Ran da ka cike ramin nan da bakinka, ina ji da kunnena, ran nan waƙa ta zama tawa. Kafin nan, ta jama'a ce."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Mu duka muka yi dariya, mun ɗauka maganar kwana biyu ce. Ba mu san Tanti ba, kuma ba mu san Kawu ba.

Aka aika da muryar zuwa Akara aka buga faifai. Fayafayan suka dawo a motar goro, a tsakiyar huhuna. Kawu ya karɓe su da bismilla, ya jera su a zaure, ya lulluɓe da algarara, ya kama yayyafa musu ruwa safe da yamma. Na ce, "Kawu, roba ce fa, ba ta bushewa." Lokacin hantsi ne, saboda haka hararata kawai ya yi. Kafin mako ya zagayo duk takardun da aka manna a tsakiya sun jiƙe sun saɓule. Babu sunan waƙa, babu sunan mawaƙi. Faifai baƙi ƙirin, da rami a tsakiya, da rami a cikin waƙa. Kawu ya duba ya ce, "Madalla. Yanzu sun yi daidai."

Ni na fara sa ta a rediyo, bayan labaran rana. A aikinmu babu laifin da ya kai shiru. Kana iya tuntuɓe a sunan shugaban ƙasa a yi maka faɗa a bar ka, amma shiru, a'a. Ranar kuma Misye Pol ba ya aiki, wani sabon ma'aikaci ne a kan na'ura, ni kuwa na manta ban gargaɗe shi ba. Da aka zo *sai ke*, komai ya ɗauke, sai mutumin nan ya zabura ya kai wa na'ura mari. Waƙa ta dawo. Ya dube ni da alfahari. Da amshi ya sake zagayowa ya ƙara mata wani. A na uku direkta da kansa ya faɗo ɗakin yana haki, taye a kafaɗa, yana tambaya ko sojoji ne suka yanke waya.

Ashe abin da ya faru ke nan a duk gari. Kowa ya mari rediyonsa. Masu gyaran rediyo na unguwar Paspanga suka cika da aiki, suna buɗe rediyo lafiyayye suna hura masa iska suna rufewa. Dole direkta ya ba da umurni, duk lokacin da za a sa waƙar in fara da sanarwa. Har yau na haddace ta: "Masu sauraro, shirun da za ku ji a cikin wannan waƙa ba daga akwatin rediyonku yake ba. Muna roƙo kada ku buge shi." Masu gyara suka daina gaishe ni.

Daga nan waƙa ta kama gari kamar wuta. Tun da ba ta da suna, mu muka sa mata Mai Rami, masu Faransanci da Mosanci ma kowa ya fassara da harshensa. Abin da ya ɗaukaka ta kuwa shi ne ramin nan da Misye Pol ya so ya cike. Kowane namiji sai ya zuba sunan tasa a ciki. Kana tsaye a bakin titi sai ka ji mai mobilet ya wuce yana rerawa, *sai ke, Salamata*, na bayansa ya amsa, *sai ke, Odil*. Wani tsohon soja a layinmu da ba shi da kowa sunan akuyarsa yake sawa, kuma da hawaye. A gidajen rawa, in aka zo wurin, sai ka ji ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, kowa da sunan da yake kira, kamar ana cigiyar yara a kasuwa. An ce aure ya ƙullu a cikin ramin nan, wasu kuma sun girgiza, don akwai mazan da suka kira sunan da ba na wadda ke gefensu ba.

Mutane suka yi layi a rumfar Kawu neman faifai. Kuna tsammanin ya sayar kawai? Sai bayan azahar, kuma sai ya yi maka tambayoyi.

"Me za ka yi da ita?"

"Bikin ƙanena, Alhaji, za mu ɗan taka."

"Rawa? Mutum na kuka kana rawa? Ga goro, sayi ka tafi."

Wani bature ya zo daga wani kamfanin faifai na Abijan, da tafinta, yana so a sake buga ta a kai ƙasashe. Tsautsayi ya kawo shi da hantsi. Ya yi ta bayani, Kawu na kallonsa yana ɗiga. Da baturen ya gaji ya tambayi maƙwabcin rumfa ko mawaƙin kurma ne, aka ce masa a'a, sai dai ya jira azahar. Ya jira. Da aka yi salla Kawu ya dawo ya share murya ya ce, "A'a." Ya koma jera goro.

Su kuwa mata, abin da Tanti ta faɗa shi ya faru. Kowace ta san kanta. Madam Filomen, mai gidan rawa a Paspanga, wadda Kawu bai taɓa gani ba, ta sa aka rubuta a bangon gidanta da jan fenti cewa ita ce. Wata mai sayar da wake da shinkafa a bakin kasuwa ta ce ai kullum in ya wuce yana ɗaga mata gira. Gaskiya ne, amma kowa yake ɗaga wa, gaisuwarsa ce ta safe. Masu sayen atamfa suka riƙa zuwa rumfar Tanti takanas, su taɓa zane su ce, "Maimuna, ashe ke ce?" Ita kuma ta ce, "Ku tambayi mai waƙa. Ni yadi nake sayarwa."

Abin ya dami Kawu ƙwarai. Ya rame har kwat ta yi masa yawa. Wata rana bayan la'asar ya zo har gidan rediyo ya ce in sa rigata mai kyau in biyo shi, ya samo dabara. Muka je gida. Ya tsaya a tsakar gida, ya tsayar da ni a gefensa, ya kira Tanti ta fito. Ya ce mini, "In na ɗaga hannu, ka faɗa. Bakinka bakina ne, jini ɗaya."

Ya rera. *Wa zan kira? Sai ke…* Ya ɗaga hannu.

Ni kuwa murya ɗaya gare ni, wadda aka koya mini. Na miƙe wuya na ce, "Maimuna," daidai yadda nake cewa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tanti ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "An gode da labaran duniya. Sai kuma hasashen yanayi?" Ta koma ɗaki.

Maganar ta kai kunnen kakarmu, Maimuna babba, tana zaune a ɗakinta da carbi. Ta sa aka kira su duka, ni ma na bi don jika ba a hana shi shiga. Ta ce, "Tanko, wannan wace irin wahala ce? Sunan nawa ne. Na yafe. Faɗi, yarinya ta ji, kowa ya huta."

Kawu ya durƙusa. Ya buɗe baki. Muka ga leɓɓansa sun haɗu za su yi "Ma". Tanti ta kasa kunne. Sai tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi har da hawaye, ya taɓa wuya ya ce, "Algarara ta bushe."

"Ga ruwa," in ji Tanti.

"Ai ta riga ta bushe. Sai gobe."

Kakarmu ta ja carbi ta ce, "To shi ke nan. Tun da sunana ne ya maƙale a ramin, waƙa tawa ce. Ku sa mini ita." Daga ranar, duk sanda aka sa Mai Rami a rediyo, tsohuwar nan sai ta ɗaga murya daga ɗaki daidai wurin shirun ta ce, "Na'am, Tanko!" Tanti na tsakar gida tana daka, sai ka ji taɓarya ta ƙara nauyi.

Da kakarmu ta rasu, bayan an share makoki, na ce wa Kawu a hankali ko yanzu hanya ta buɗe. Ya dube ni kamar na zagi wani. "Da tana da rai ban iya ba, sai yanzu da take kwance ba ta iya cewa ta yafe?"

Bai ƙara yin wata waƙa ba. In an tambaye shi sai ya ce ta farkon ma bai gama ba. Shekaru suka shuɗe. Faifai ya koma kaset, kaset ya koma cikin waya. Kasuwa ta ƙone aka sake gina ta. Mu ma muka bar tsohuwar unguwa muka watsu a bayan gari. Yara masu tasowa suna jin Mai Rami a wayoyinsu, suna zuba sunayen 'yan matansu, ba su san tsohon nan mai jiƙaƙƙen buhu da ke zaune a ƙofar gida shi ne mai ita ba. Tanti ta tsufa, ji ya yi mata nauyi, sai an ɗaga murya. Amma duk sallar da aka taru, in wani jika ya ce, "Kaka, ashe waƙarki ce?" amsa ɗaya ce: "Ta jama'a ce."

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi da hantsi. Yana kwance, an rataye kwat a ƙusa, algarara na wuya, Tanti na zaune a bakin gado tana yi masa fifita. Na gaishe shi ban jira amsa ba, tun da azahar da saura. Sai na ji ya yi gyaran murya. Na ɗaga kai na dubi rana, na dubi Tanti. Tun da nake ban taɓa jin muryar mutumin nan da safe ba.

Muryar ta tafi, saura iska. Amma waƙar na nan. *In rana ta yi sanyi, wa zan kira? Sai ke…* Ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, ko da yake babu makaɗan da za su tsaya. Ya rufe ido ya ce, "Maimuna."

Na rantse muku, ya faɗa. Ina wurin.

Tanti ta ci gaba da fifita. Ta karkato kai ta ce, "Me ka ce, Malam?"

Ya buɗe ido ya dube ta ya daɗe. Sannan ya ce, "Na ce algarara ta bushe."

Ta tashi ta kwance ta, ta tsoma a ruwa, ta matse, ta naɗa masa. Ni kuwa na fita waje na tsaya, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Shekara da shekaru ana jiran kalma ɗaya, ta zo ta tarar da kunne ya rufe! Na yi niyyar in gaya mata, sai na tuna yadda ta karɓi labaran duniya a wancan karon, na ja bakina.

Bai kai Juma'a ba ya cika.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, Tanti ta aika a kira ni. Na same ta a ɗaki, algararar na ninke a cinyarta. Ta ce, "Har yanzu kana da mutane a gidan rediyon nan?"

Na ɗaga murya na ce, "Na daɗe da yin ritaya, Tanti, amma akwai yaran da na koyar."

"Daina yi mini ihu. To ka ce su sanar, waƙa tawa ce. A gaya wa 'ya'yan Filomen su goge bango."

Na ce, "Tanti… ashe kin ji?"

"Na ji mana. Kunnen hagu ne ya mutu, shi kuwa ta damana yake kwance." Ta shafa algararar. "So nake ya sake faɗa. Mutum ya sa ka jira tun kana da haƙora, sai ya faɗa sau ɗaya tak? Shi ma ya san na ji. Ba ka ga yadda ya dube ni ba?"

An yi sanarwar, da muryar wani yaro da na koya wa aiki, kuma ya faɗi sunan da kyau. Aka sa waƙar bayanta. Da aka zo wurin shirun, babu wanda ya ce komai a gidan, har jikoki. Tanti ce kaɗai ta motsa baki, a hankali, ta ce, "Na'am."

Allah Ya jiƙan Kawu Tanko, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya yi ta sanyaya maƙogwaronsa. Allah Ya jiƙan Maimuna babba da ta riga shi. Ita kuma Maimuna da ya bari, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya haɗa su a inda zai kira ta da sunanta tun da safe. Amin.